Abin da Mai Kallo Yake Yafewa: Laftanar Columbo da Tarihin Giɓi a Labaran 'Yan Sanda

A daren 15 ga Satumba, 1971, gidan talabijin na NBC a Amurka ya nuna kashi na farko na wani shirin 'yan sanda mai suna Columbo. Daraktan kashin wani saurayi ne ɗan shekara 24 da ba a san shi ba tukuna, Steven Spielberg. Wanda ya rubuta labarin kuma wani matashi ne, Steven Bochco, kuma za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Labarin na wasu abokai biyu ne da suka yi suna wajen wallafa littattafan binciken kisa. Ɗaya ne yake rubutun, ɗayan kuwa, Ken Franklin, aikinsa shiga talabijin da sa hannu a kan littattafai da cin kuɗin. Da mai rubutun ya ce zai ware ya ci gashin kansa, sai Franklin ya yaudare shi zuwa wani gidan hutu mai nisa, ya sa shi ya buga wa matarsa waya ya ce mata yana ofis, sannan ya harbe shi tana ji. Ta haka kowa ya ɗauka a ofis aka yi kisan, a daidai lokacin da Franklin yake can wata uwa duniya. Dabara ce mai kyau. Abin da ya kama shi fa? Wata 'yar takarda ce da Laftanar Columbo ya tono a cikin tarkacen mamacin, inda ya taɓa rubuta irin wannan dabarar a matsayin abin da za a iya sakawa a littafi. Columbo ya nuna wa Franklin takardar, shi kuwa nan take ya sallama, har yana ƙorafin cewa ai dabarar tasa ce tun asali.

Duk lauyan da ya ci sunansa zai yi dariyar wannan hujja. Takarda ce da hannun wanda aka kashe, ba ta ɗauke da sunan kowa, ba ta kai Franklin wurin kisan ba. Da ya ja bakinsa ya yi shiru ya nemi lauyansa, da a gidansa zai kwana. Masoya shirin da kansu sun daɗe da amincewa cewa ƙarshen nan sako-sako ne. Duk da haka kashin yana cikin waɗanda aka fi yabawa, shirin kuma ya rayu har shekarar 2003, kashi 69, Peter Falk ya karɓi kyautar Emmy sau huɗu saboda shi. Na sake bin shirin a 'yan watannin nan da biro da takarda, da niyyar ƙirga ɓarakarsa. Ban yi nisa ba na ajiye ƙirgar, domin tambayar da ta fi ta muhimmanci ta bayyana: me ya sa wani rami mai kallo ya tsallake shi yana murmushi, wani kuma ya faɗa ciki ya fito yana zagin marubuci?

Matsalar ta girmi talabijin. A littafin farko na Sherlock Holmes, a 1887, Arthur Conan Doyle ya ce a kafaɗa harsashi ya sami Dakta Watson a yaƙin Afganistan. Bayan shekara uku, a littafi na biyu, raunin ya sauka zuwa ƙafa. Sunan Watson John ne, amma a wani labari na 1891 matarsa ta kira shi James. Doyle bai damu ba, rubutu yake da sauri, kuma zuciyarsa tana kan littattafan tarihi da yake ganin su ne aikinsa na gaske. Masu karatu ne suka mayar da kurakuran abin wasa. A 1911 Ronald Knox ya gabatar da wata lacca ta barkwanci a Oxford, inda ya bi labaran Holmes da irin ƙwaƙƙwafin da malamai suke yi wa tsofaffin littattafan addini, yana sasanta saɓanin ruwayoyi. Daga nan aka samu al'adar da har gobe ba ta mutu ba, ta mai karatu ya cike wa marubuci giɓinsa da hannunsa, don son da yake yi wa labarin.

Akwai kuma shahararren labarin fim ɗin The Big Sleep na 1946. Ana cikin aikinsa sai darakta Howard Hawks da mutanensa suka lura ba su san wanda ya kashe direban gidan attajirin ba, wanda aka tsamo gawarsa a mota daga teku. Suka aika wa Raymond Chandler, marubucin littafin, da telgiram. Chandler da kansa ya faɗa daga baya a wata wasiƙa cewa da ya duba, shi ma bai sani ba. Gawa guda ba mai ita, a labarin da duk jigonsa shi ne wa ya kashe wa. Fim ɗin bai fasa zama abin koyi ba.

Columbo bai fito a kammale ba. Richard Levinson da William Link, abokai tun suna yara a Philadelphia, su suka ƙirƙire shi, suna ɗaukar wani abu daga Porfiry Petrovich, mai binciken nan na littafin Dostoyevsky wanda yake kewaya mai laifi da hira har ya gaji ya miƙa wuya. Ya fara bayyana a wani ɗan wasan talabijin a 1960, Bert Freed ne ya fito a matsayinsa. A 1962 ya hau dandamali da Thomas Mitchell. Sai a 1968 Peter Falk ya karɓe shi a fim ɗin talabijin Prescription: Murder. Wanda ya saba da Columbo na baya, idan ya koma ya kalli wannan, zai ji kamar ya ga hoton mahaifinsa na samartaka. Sumarsa a gyare take, tufafinsa ba su yamutse sosai ba, kuma akwai wurin da ya tasa wata mata gaba da tsawa da barazana don ta tona asirin saurayinta. Sai da aka yi wasu shekaru kafin mutumin ya zauna: tsohuwar rigar ruwa wadda ta Falk ce ta ƙashin kansa, guntun sigari, akwalar mota Peugeot 403, laluben fensir a aljihu, yawan ban haƙuri, da wannan juyowa daga bakin ƙofa bayan ya yi sallama, wai saura tambaya ɗaya tak.

Tsarin labarin ma juyayye ne. Ana nuna maka kisan tun farko, ka ga mai yi, ka ga yadda ya ɓoye sawunsa, wani lokaci a shafe minti ashirin kafin ɗan sandan ya leƙo. Marubucin Ingila R. Austin Freeman ya yi irin wannan a littafi tun 1912, amma Columbo ne ya mayar da shi abin da aka saba gani a talabijin. A riƙe wannan, domin yawancin abin da zai biyo baya daga nan ya samo tushe. Mai kallon da ya ga kisa da idonsa ba ya buƙatar a gamsar da shi cewa wane ne mai laifi. Abin da yake jira shi ne lokacin da attajirin nan mai girman kai zai gane cewa mutumin da ya raina tun safe ya fi shi kai.

Idan tarihin rayuwar Columbo za a bi, to, babu inda ba ya yoyo. A wasu sassa na shekarun 1970 ya ambaci 'ya'yansa. A wani kashi na 1990 ya ce shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Laftanar ne a 1968, laftanar ne a 2003, lokacin da Falk yake da shekara 75, ba ƙarin girma, ba ritaya, bayan ya kama manyan likitoci da wani janar da mataimakin kwamishinan 'yan sanda. Karensa, wanda bai taɓa raɗa wa suna ba, ya shigo a 1972, kuma yana nan da ransa a shekarun 1990. Dangi kuwa ba su ƙirguwa: duk sana'ar da mai laifi yake yi, sai an samu wani suruki ko ɗan ɗan'uwa na Columbo da ya taɓa ta.

Sunansa na yanka ma labari ne mai zaman kansa. Ba a taɓa furta shi a shirin ba. A wani kashi na 1971 ya ɗaga katin shaidarsa, waɗanda suka tsayar da hoton daga baya suka karanta Frank. Amma wani mai tattara bayanai, Fred Worth, ya rubuta a kundinsa cewa sunan Philip ne. Ƙarya ce ya dasa da gangan, tarko don ya kama masu satar aikinsa. Masu wasan tambayoyi na Trivial Pursuit suka taka tarkon, suka kwafi Philip. A 1984 Worth ya maka su a kotu yana neman dala miliyan 300. Ya sha kaye, domin kotu ta ce bayanai ba mallakin kowa ba ne. Sunan bogin kuwa ya ci gaba da yawo a littattafai shekara da shekaru.

Me ya sa duk wannan bai rushe shirin ba? Dalili na farko na zamani ne. A 1971 kashi yakan fito sau ɗaya, ya wuce, sai in an maimaita shi bayan watanni. Babu na'urar bidiyo a gidajen mutane, babu tsayar da hoto, babu komawa baya. Marubuta daban-daban ne suke rubuta sassan, kuma an tsara kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa ta yadda tashar da ta saye shi za ta iya nuna su a kowane jeri. A irin wannan kasuwa, tuna abin da ya faru bara ba riba ba ce. Duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san wannan yarjejeniya. A wata tatsuniyar an yi wa Gizo dukan kawo-wuƙa, a ta gobe ga shi garau yana shirya wata damfarar, kuma ba yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya ce ina raunin jiya. Amma a gwada ba da tatsuniyar da Gizo ya tsinci dukiya ya mayar wa mai ita don tsoron Allah. Yaran da kansu za su ce wannan ba Gizo ba ne.

Dalili na biyu ya fi daɗi, kuma shi ne wayon da shirin ya yi, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Columbo mutum ne da hira take makaminsa. Idan ya ce matarsa tana son littattafanka, ko surukinsa yana sayar da irin kayanka, ba mu da tabbacin gaskiya yake faɗa, domin mun sha ganin yana yi wa mai laifi ƙarya don ya saki jiki. Saboda haka saɓanin da ke cikin labaransa na gida ba ya karo da halinsa, ƙara masa kauri yake yi. 'Ya'yan da suke nan yau babu su gobe, mai yiwuwa kuskuren marubuci ne, mai yiwuwa kuma dabarar laftanar ce. Halin ya haɗiye giɓin.

Sai mu zo wurin da haƙurin masu kallo ya ƙare, kuma abin lura shi ne ba a kan lissafin awoyi ko zanen yatsu ya ƙare ba.

A 1978 NBC ta daina shirin. Shugaban tashar na lokacin, Fred Silverman, ya ga ba zai bar sunan ya tafi a banza ba, sai ya sa aka yi wani sabo, Mrs. Columbo, wanda ya fara a Fabrairun 1979. Levinson da Link ba su so ba, Falk ma bai so ba. Matar Columbo ita ce babban sirrin shirin. Shekara goma ana jin labarinta, ba a taɓa ganin fuskarta ba, kowane mai kallo ya gina tasa a zuciyarsa, kuma kusan kowa ya gina dattijuwa mai yawan magana, 'yar talakawa irin mijinta. Aka kawo Kate Mulgrew, kyakkyawar budurwa da ba ta cika shekara 24 ba. A Fabrairun 1968, lokacin da Columbo ya fara ba da labarin matarsa a talabijin, Mulgrew tana da shekara 12. Aka riƙa nuna motar da karen da tokar sigari don a tabbatar wa mutane cewa gidan laftanar ne. Ba wanda ya yarda. Aka canza wa shirin suna har sau uku, aka ce an sake ta, aka mayar da ita Kate Callahan, aka share duk wata alaƙa da Columbo, duk a banza. Kashi 13 aka yi aka rufe. Laifin ba na Mulgrew ba ne, ta nuna ƙwarewarta a wasu wurare daga baya. An taɓa wani abu ne da masu kallo suke ganin nasu ne.

Misali na biyu daga cikin gida ya fito. Bayan shirin ya dawo a tashar ABC a 1989, an shiga neman labarai, har aka sayi littattafan Ed McBain biyu aka cusa Columbo a ciki. Na farko, No Time to Die na 1992, labarin sace amaryar ɗan ɗan'uwansa ne a daren biki. Babu kisa a farko, babu attajirin da za a kewaya, babu juyowa daga bakin ƙofa. Columbo yana jagorantar tawagar 'yan sanda, kuma a ƙarshe ga shi riƙe da bindiga. Wannan mutumin ne fa da aka gina wani ɓangare na kashin Forgotten Lady na 1975 a kan cewa ya shekara da shekaru yana zille wa gwajin harbi, har ya lallaɓa wani abokin aiki ya je ya yi masa. Idan zaren labari za a bi, No Time to Die bai fi sauran sassa ramuka ba. Amma masoya shirin da yawa suna ajiye shi a can ƙasan jeri, saboda wanda yake cikinsa sunan Columbo kawai ya ara.

Kada a ɗauka ina cewa tsayuwar hali ita ce mutum ya maimaita abu ɗaya har abada. A kashin A Stitch in Crime na 1973, Leonard Nimoy ya fito a matsayin likitan zuciya da ya ɗinke wa maigidansa da zare mai narkewa don ya mutu bayan kwanaki, sannan ya kashe ma'aikaciyar jinyar da ta gano. Da Columbo ya faɗa masa zarginsa, likitan ya fashe da dariya. Nan laftanar ya ɗauki butar ruwa ya maka a kan tebur, ya gaya masa baro-baro cewa ya san abin da ya yi. Wannan ya saɓa wa duk abin da muka saba gani, amma yana cikin wuraren da aka fi tunawa a shirin baki ɗaya. Dalili kuwa, akwai ran wani dattijo da ke kan siraɗi a daidai lokacin, kuma fushin ya nuna mana abin da muka daɗe muna zargin yana ƙarƙashin rigar ruwan. Hali zanen dutse ne, in ji Hausawa, amma dutse yana da fuskar da ba kullum rana take haskawa ba. Bambancin butar 1973 da bindigar 1992 shi ne, ɗaya ta fito daga cikin mutumin, ɗayar kuma an miƙa masa ce don labarin da aka sayo yana buƙatarta.

Wanda ya sauya dokar wasan kuwa shi ne Bochco, saurayin nan da ya rubuta kashin farko. A Janairun 1981 shi da Michael Kozoll suka fito da Hill Street Blues, shirin da ya ba 'yan sandan talabijin abin da ba su da shi a da, wato tuna jiya. Labari yakan tsallaka daga mako zuwa mako, wanda aka harba a wannan kashin yana jinya a na gaba, auren da ya mutu bara yana nan a mace. A 1995 Bochco ya ƙara gaba da Murder One, shari'a guda a zango guda. A daidai wannan tsakanin na'urar bidiyo ta shiga gidaje, faifan DVD ya biyo baya, intanet ta haɗa masu kallo wuri ɗaya. Mai kallo ya samu ikon komawa baya, marubuci kuma ya ɗauki alkawarin cewa abin da ya faɗa a kashi na 3 zai biya shi a kashi na 20. Daga nan giɓi ya tashi daga tuntuɓe ya koma bashi. Masu rubuta dogayen shirye-shiryenmu irin Kwana Casa'in da Labarina a ƙarƙashin wannan sabuwar yarjejeniya suke aiki, ba ta Gizo ba, kuma duk wanda ya ga yadda ake tsefe kowane kashi a Facebook washegarin fitowarsa ya san haka.

Duk da wannan sauyi, inda ya fi yi wa mutane ciwo bai canza ba, kuma babu misalin da ya kai zango na biyar na The Wire. David Simon, tsohon ɗan jaridar Baltimore Sun, da Ed Burns, tsohon mai binciken kisa a birnin, sun shafe zango huɗu daga 2002 suna gina shirin da darajarsa ita ce kamanta gaskiya. A 2008 suka zo da wani labari: birni ya talauce, an yanke kuɗin 'yan sanda, an rufe binciken Marlo Stanfield, dillalin ƙwayar da aka tsinci gawarwaki sama da ashirin na waɗanda mutanensa suka kashe a kangwaye. Sai jami'i Jimmy McNulty ya fara taɓa gawarwakin marasa galihu da suka mutu a titi, yana mayar da su kamar aikin wani makashi guda, don jaridu su yi ca, gwamnati ta saki kuɗi, shi kuma ya karkatar da kuɗin zuwa binciken Marlo.

An soki labarin ƙwarai, amma idan aka saurari sukar da kyau, kaɗan ne suka tsaya a kan ko likitan gawa zai ruɗu. McNulty ma ba a yi mamakinsa sosai ba, mashayi ne mai ganin ya fi kowa, an san zai iya. Inda aka yi tirjiya shi ne Lester Freamon. Abokin aikinsu Bunk ya kira Freamon, dattijon da ya fi kowa natsuwa, don ya ja wa McNulty kunne. Freamon ya saurara, ya ce dabarar ba ta da laifi, ƙarin gishiri kawai take buƙata. Nan masu kallo da yawa suka ce an ci amanarsu.

A nawa ganin, rabin sukar ce take da gaskiya. An manta cewa tun zango na farko aka gaya mana Freamon ya shekara 13 a wani ofishin kayan jingina da aka jefa shi, saboda ya ƙi bin umarnin manya a kan wani bincike. Mutum ne da bincike ya fi masa oda tun fil azal. Irin yana nan a ƙasa. Abin da marubutan suka gaza shi ne ba shi lokacin tsiro. Tsakanin ƙin bin umarni da wasa da gawar bayin Allah akwai tafiya mai nisa, kuma an sa dattijon ya yi ta a zama ɗaya, ba tare da mun ga ya kwana da abin a ransa ba. Zangon kashi 10 ne kawai, mafi gajarta a shirin, kuma a nan gajartar ta nuna.

Amma zangon ya yi wani abu da ya sa na koma na kalli Columbo da wani ido, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. A kashin Death Lends a Hand na 1971, Columbo ya sa aka tono gawar wata mata, ya baza labarin cewa ɗaya daga cikin 'yan gilasan da take mannawa a ƙwayar idonta ya ɓace. Motar wanda yake zargi ta lalace ba zato, aka kai ta gareji, mutumin ya lallaɓa da dare ya bincika but ɗinta, ya tsinci gilashi, aka yi caraf da shi. Daga baya muka ji gilasan matar duka biyu suna jikinta. Wa ya ajiye na cikin but? Laftanar ya yi fuskar rashin sani, sannan ya ba da labarin yadda suke cusa dankali a salansar mota suna yara. A kashin A Friend in Deed na 1974 ya saka adireshin ƙarya a fayil ɗin 'yan sanda, na wani ɗaki da shi da kansa ya kama haya, don maigidansa ya je ya dasa kayan sata a can. Muna tafi, muna jin daɗi. Amma a cire sanin da muke da shi, a dubi abin daga kujerar alƙali: ɗan sanda ne da ya yanke hukunci a zuciyarsa tun ganin farko, yana lalata motar mutum, yana ƙaga hujja, yana gurɓata fayil, har sai wanda yake zargi ya furta da bakinsa.

Abin da ya wanke Columbo abu ɗaya ne, mun ga kisan. Tsarin nan na nuna laifi tun farko ya ba mu yaƙinin da babu alƙali ko ɗan jarida ko ɗan sandan da ya taɓa samunsa a duniyar gaske. A cikin kashi 69 ba a gina ko ɗaya a kan ya ɗaure marar laifi ba. Wannan ne babban ramin shirin, ya fi na 'ya'ya da kare da takardar Franklin, kuma shi ne wanda ba mai ƙirgawa, saboda muna son mutumin. Ni da na taɓa tsayawa da rikoda a gaban waɗanda aka jera wa 'yan jarida a tsakar rana, kowanne yana amsa laifinsa da kumburarren baki, na san furucin mai laifi ba kullum yake zuwa bayan hira mai daɗi da ban haƙuri ba.

The Wire ta ɗauki wannan hali na ɗan sanda mai yaƙini, wanda yake ganin doka tana ɓata masa lokaci, ta cire masa kariyar da Columbo yake da ita. McNulty bai yi kuskure a kan Marlo ba, mai laifi ne. Amma da jami'a Kima Greggs ta kai ƙarar abokan aikinta, sai ya bayyana cewa sauraron wayar da aka kama Marlo da shi haramtacce ne, ba zai tsaya a kotu ba. Aka yi sulhu a bayan fage da lauyansa. Yaransa suka tafi kurkuku, McNulty da Freamon suka rasa aikinsu, ɗan jaridar da ya ƙara wa ƙaryar gishiri ya karɓi lambar yabo. Marlo kuwa, a kashi na ƙarshe, ga shi sanye da kwat a wajen liyafar attajiran Baltimore, lauyansa yana gabatar da shi ga masu harkar gine-gine.